Gwangwani Shida a Kan Gaisuwa

Na ƙone gwangwanin fim shida a kan gaisuwar dattawa, a shekarar da aka bar mini takwas in ƙarasa aiki da su. Ba sata na yi ba, ba sakaci ba. Abin da na ga maigidana yana yi shi na yi. Saura ƙiris abin ya fitar da ni daga sana'ar tun ban zauna a cikinta ba.

Ku yaran yanzu kuna ɗaga waya ku danna, in bai yi ba ku goge ku sake, shi ya sa kuke cewa ɗaukar hoto ba aiki ba ne. To ga yadda ni na same shi.

Na baro soja da muƙamin kofur, ba ni da sana'a. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Dako nake yi a tashar Daura, ina loda buhuna a motocin Kano. Zamanin kuɗin fetur ne, hukuma tana sayen komai, tarakta, takin zamani, motocin majigi. Wata safiya motar ofis ta tsaya a bakin tasha, malamin gona Malam Sabi'u ya leƙo ya ce ana neman ƙato mai ɗaukar kaya na damina ɗaya. Mu biyar muka taso. Wani gajeren mutum ya sauko daga gefensa, baƙi kamar ni amma gashinsa a kwance. Bai dubi ƙirjin kowa ba. Ya karɓi kofi wajen mai shayi, ya cika shi da ruwa har baki, ya ce kowa ya riƙe ya yi taku goma. Nawa ne bai zube ba. Ita ke nan jarrabawar.

Sunansa dogo ne, Nanju kawai bakinmu ya iya, ni kuwa Maigida nake ce masa. An ce Ba'indiye ne. Da farko ban yarda ba, don Indiyawan da muka sani a silima a Kano farare ne, masu rawa a kan duwatsu. Duk inda muka tsaya sai samari su kewaye shi suna rera masa waƙoƙin fim, suna tambayar ko ya san wane da wance. Yakan yi murmushi ya kaɗa kai. Kaɗa kan nan ma sai da na yi wata biyu ban gane e ne ko a'a ba. Malam Sabi'u ne ya ce mini ƙasarsu ba harshe ɗaya gare ta ba. Shi mutumin kudu ne, daga wajen Maisur, harshensu Kannada, kuma suna da nasu finafinan da ba su taɓa zuwa Kano ba. Na ce in dai fim ɗin Indiya ne, me ya hana shi zuwa? Malam Sabi'u ya ce shi ma bai sani ba.

Labarinsa guntu-guntu na same shi, a gindin bishiya da tsakar rana, lokacin da haske ya tsaya a ka ba a iya aiki. Yana yi da Turanci, Malam Sabi'u yana juya mini abin da ya ga dama. Da jan waya da riƙon fitila ya fara, yana saurayi. Ya shekara da yawa yana auna wa wani tazara kafin a bar shi ya sa ido a kyamara. Ya ɗauki finafinan mutane masu yawa, sannan aka ba shi nasa, shi ne mai ba da umarni, shi ne mai ɗauka. Biyu sun karɓu. Na uku ya yi shi a kan manoma, ba rawa sosai, mutane suka ƙi shiga. Daga nan in ya je ƙofa sai a ce mai gidan ba ya nan. Da ya ji ana neman masu ɗaukar fim a nan, su yi kuma su koyar, sai ya taho. Mutumin da ya saba juya mutum ɗari da murya ɗaya, ga shi yana bin buhun taki, ni kaɗai a bayansa. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Nama ne dai ba ya ci, ko na layya. Wake da shinkafa da nono, shi ke nan.

Aikin da aka ba shi shi ne ya bi manomi ɗaya daga shuka har rumbu, a nuna amfanin takin zamani, a zaga da shi ƙauye-ƙauye a majigi. Manomin Malam Ilu ne, a wani ƙauye a hanyar Mai'aduwa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokin maigarin suna nan. An kuma ce in aikin ya ƙare ofis zai ɗauki mutum ɗaya ya riƙe kyamara na dindindin, wanda Maigida ya nuna. Akwai masu takarda a Kaduna da suke jiran gurbin. Ni dai na san in damina ta wuce ban samu ba, tasha zan koma.

Abu na farko da ya koya mini shi ne sanyaya fim. Zafi yana kashe shi kafin a ɗauka. Na sayi sabuwar randa, na binne gindinta a yashi a ɗakinsa, ina jiƙa yashin safe da yamma. Gwangwanayen a ciki suke kwana, a nannaɗe da leda. In za mu fita sai in zuba na ranar a jaka in rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ba a buɗe gwangwani a sarari. Akwai baƙar jaka mai hannuwa biyu, a ciki ake zura hannu a sa fim a kyamara, da laluɓe, ido yana kallon sama. Ya ba ni tsohon fim na yi ta koyo har yatsuna suka haddace hanyar.

Kyamarar da muke aiki da ita ƙarama ce, mai ido uku a gaba, ana juya wanda ake so. Ba ta cin batir. Wana ta ake kamar agogo. Wanawa ɗaya, ka ƙirga talatin a hankali ta tsaya. Gwangwani ɗaya bai cika minti uku ba. Ba ta jin magana, wani ne zai ɗora murya daga baya a Kaduna. Kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an aika an wanke an dawo da shi, sati shida ko fi. Kafin a danna sai an ja tef na awo daga idon kyamara zuwa hancin mutum, an ɗaga ma'aunin haske, an karkata allon da muka manna wa takardar azurfa ta kwalin sigari don ya cilla rana ƙarƙashin hula. Baƙar fuska a ƙarƙashin malfa, in ba ka yi haka ba, rami za ka gani. Maigida ya ce a wannan dai mu da su ɗaya ne. In zai fara aikin rana yakan taɓa kyamarar ya shafa idanunsa. Ni kuma in yi bismilla. Ba wanda ya hana wani.

Ranar shuka Malam Ilu ya fito mana da babbar riga da sabuwar hula. Maigida ya mayar da shi gida ya sa tsohuwar taguwarsa, ya kuma ce daga ranar har girbi ita zai riƙa sawa in mun zo, da malfar nan, don gobe in an haɗa guntaye kada a ga mutum biyu. Malam Ilu ya ce wannan wane irin hoto ne da ake son a tozarta mutum a cikinsa? Ya dai bi. Abin da ya gagara shi ne gaisuwa. Gonar a bakin hanya take. Ana dannawa wani zai wuce a kan jaki ya ce sannu da aiki, Malam Ilu ya saki sungumi ya miƙe, a shiga tambayar gida da iyali da gajiya da ruwan jiya. Kyamara ta ƙirga talatin ta tsaya, su ko rabin gaisuwar ba su kai ba. Maigida ya riƙe kai. Hausarsa duka kalma huɗu ce, tafi, tsaya, kuma, a'a. A nan ya ƙare su duka. Daga baya Malam Sabi'u ne yake tsayawa a hanya yana tare masu wucewa, yana amsa gaisuwar a madadin mai gona.

Akwai kyamara ta biyu. Babba ce, mai nauyi, baƙin fentinta ya goge a gefe, akwatinta da jan ƙyalle a ciki. Da ita ya zo daga ƙasarsu. Ni nake ɗaukarta amma ya ce kada in taɓa buɗe ta. Duk ranar da muka isa ƙauyen, maigari yakan fito da dattawansa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Sai Maigida ya sa a kafa babbar a kan ƙafafunta uku, ya wana ta, ya sunkuya. Tana da ƙara mai daɗi, kowa yana ji. Maigari ya gyara rawani ya yi jawabi, liman ya yi addu'a, sarkin noma ya faɗi nasa, kowane dattijo a juyo da idon kansa. In ta tsaya a sake wana ta. Wani lokaci rabin sa'a ana yi. Maigida ba ya gaggawa, ba ya riƙe kai. In an gama sai a sallame mu mu tafi gona da ƙaramar. Na ce a raina mutumin nan ya san girma. Babbar ta manya ce, ƙaramar ta aiki.

Shekarar ba ta da kyau. Bara an yi fari, shanu sun mutu, mutane sun ci irinsu. Bana ruwan ya zo a tsintsinke, gonaki da yawa suka tsumbure suka tsaya. Ta Malam Ilu ce ta ɗan tashi, don an ba ta taki an kuma shuka da wuri. Gero ya fara nuna sai Maigida ya kwanta. Idonsa ya yi rawaya, shawara ce. Da za a tafi da shi asibiti Kano ya kira ni bakin mota, ya nuna mini yatsu takwas, ya nuna randa. Malam Sabi'u ya ce yana cewa girbi ba zai jira shi ba. In ɗauki yanka, in ɗauki ɗaurin dami, in ɗauki kaiwa rumbu. In ya yi kyau shi zai yi magana a kaina.

Zuwana na farko ni kaɗai, maigari ya fito kamar kullum, aka shimfiɗa tabarmi. Ya tambayi jikin baƙo, ya ce to yau ɗan gida ne zai ɗauke su. Na kafa babbar. Na ce bari dai in duba kafin in wana, na sa ta a baƙar jaka na buɗe na laluba. Ba komai a ciki. Na ce Allah ya taimake ni da na duba, ciwo ya sa Maigida ya manta. Na ɗauko gwangwani na sa mata. Maigari ya fara jawabi, na danna. Wanawa biyar, shida, sai na ji ƙararta ta sake, fim ya ƙare. Jawabin bai ko kai ga liman ba.

A nan kaina ya fara ɗaurewa. A hannun Maigida tana rabin sa'a ba a canza mata komai ba. A hannuna minti uku. Na ce ko na sa shi ba daidai ba, ko akwai wani maɓalli na tattali da ban sani ba, ko kuwa na lalata ta. Dattawa suna zaune suna kallona. Ba a tsayar da ƙarar na'ura dattijo yana tsakiyar magana, kowa zai ji ta yi shiru a kansa. An ɗauki maigari, ba za a ce ba za a ɗauki liman ba. Na sa na biyu. Ranar biyu suka tafi kafin in ga gona.

Na tambayi Malam Sabi'u a mota. Ya ce shi malamin gona ne, a tambaye shi tsutsa. Ya ce wataƙila fim ɗin manya daban ofis yake aikowa, zai rubuta. Ya rubuta, ba a amsa ba. Sati na gaba wakilin hakimi ya zo duba gonar, da jama'arsa. Biyu suka sake tafiya. Na kwance duk abin da zai kwantu a jikin kyamarar nan ina neman maɓallin, ban samu ba. Na gwada rage gudunta, ƙarar ta canza, maigari ya ce yau injin ba shi da lafiya ne? Na mayar. Zuwa na uku wani dattijo da bai samu shiga ba a baya ya zo da sabuwar riga da ya aro. Na huɗu surukin maigari ne ya zo daga tsallaken iyaka. Kowanne ya ci ɗaya, shida ke nan. Biyun da suka rage na ɗauki yankan gero da su, da Malam Ilu yana jera zangarniya. Ranar ɗaurin dami da kaiwa rumbu ina tsaye a gonar da kyamara ba komai a cikinta, ina kallo ana kwashewa.

Maigida ya dawo bayan kaka, ya rame, hannunsa yana rawa. Fim ɗin ya dawo daga wanki. Muka toshe tagogin ɗakinsa da bargo, ya haska a bango. Gwangwani na farko, maigari. Na biyu, liman da sarkin noma. A na huɗu ya tsayar da injin ya tambaya da wace kyamara na ɗauka. Na nuna babbar. Ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya miƙe ya yi ta faɗa da harshensu, wanda ko Malam Sabi'u ba ya ji. Da ya huce ya yi bayani da Turanci.

Malam Sabi'u ya dube ni ya ce, "Kofur, wai ba a sa mata fim."

Na ce, "Wa?"

"Babbar. Wai tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa sa mata ba. Ƙarar kawai ake so."

Na ce to duk jawabin da maigari ya yi tun farkon damina yana ina? Ya ce ba ya ko'ina. Maigida ya ce a ƙasarsu ma haka ake yi. In mai kuɗin fim ya zo da surukansa, ko wani babba ya ce sai an ɗauke shi, ana kafa masa kyamara marar komai ya yi abin da zai yi ya tafi, a samu a yi aiki. Ya ce kowane mai ɗauka ya san wannan. Na ce ni ba a gaya mini ba. Ya ce ba a faɗa, ganewa ake. Na ce ashe yaudarar dattawa muke yi wata huɗu, ni ina ɗaukar ƙafafun. Ya ce ba yaudara ba ce, girmamawa ce da ba ta cin fim. Har yau ban gama raba waɗannan biyun ba.

Ya sake kunna injin muka ƙarasa kallo. Ya tsaya a kan fuskar wani tsoho yana shafa addu'a, ya mayar baya ya sake kallo sau uku. Ya ce haske daidai, tazara daidai, hannu bai motsa ba. Ya ce duk abin da aka ɗauka a shekarar ba wanda ya kai wannan kyau, kuma ba shi da amfanin komai. Na tambayi Malam Sabi'u yabo ne ko kora. Ya ce shi ma yana jira ya ji.

Fim ɗin taki ba ya ƙarewa sai an ga dami, don dami shi ne hujjar. Ofis ya ce kason fim na shekarar ya ƙare. Maigida ya zazzage akwatinsa ya samo wani guntu da ya rage a gindin gwangwani, ya auna shi da laluɓe a baƙar jaka. Ya ce zai kai wanawa ɗaya, da ɗan ragi. Ya ce a fito da dami daga rumbu a mayar gona, a yi kamar yau ake kwashewa.

Malam Ilu ya ce bai taɓa jin geron da ya shiga rumbu ya koma gona ba. Ya riga ya fitar da zakka ya liƙe bakin. Ba wannan ne ya fi damunsa ba. Shekarar yunwa ce. In ya baje daminsa a bakin hanya kowa zai ƙirga, kuma wanda ya ƙirga da safe zai yi sallama da yamma. Sai da na yi masa zuwa uku. A na ukun na gaya masa gaskiya, cewa abincina ne a kan damin nan. Sai ya ce dami ashirin, da sassafe, sau ɗaya, kuma kafin hantsi su koma inda suka fito.

Mun jera su bayan sallar asuba. Karan gonar yana nan tsaye, daga nesa ba ka cewa an yi wata biyu da girbi. Maigida ya tsara abin. Malam Ilu zai sunkuya ya ɗauki dami ya ɗora a ka, ya bi ta gaban sauran ya nufi jakinsa, kyamara tana binsa a hannu. Malam Sabi'u yana can ƙarshen gona da allon haske. Muka gwada sau huɗu ba fim. Maigida ya ɗauki ƙaramar ya sa ido, hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya miƙo mini. Dokarsa a irin wannan ita ce ka ja numfashi ka riƙe, gwiwar hannu a haƙarƙari, ba magana, ba waiwaye, har sai ta tsaya da kanta. Na gaya wa Malam Ilu ko sama za ta faɗo kada ya juyo. Rana ta ɗago daidai inda ake so. Maigida ya ce tafi. Na danna.

Na kai ƙirga takwas sai na ji sallama a bayana. Muryar maigari ce. Labari ya kai masa an ga Ilu yana fitar da gero da duhu-duhu, kuma mun shigo ƙauyensa ba mu tsaya a ƙofarsa ba.

Malam Ilu yana da dami a ka. Na ga kafaɗarsa ta fara juyowa. In na amsa zai sauke ya durƙusa, ni ma dole in juya in cire takalmi. Ban amsa ba. Maigari ya sake sallama, da ƙarfi. Malam Ilu ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ƙirga goma sha tara. Ya yi ta uku. Mu Musulmi biyu a kusa, kowa ya yi gum. Sai Maigida ya juya ya haɗa tafukansa ya ce, "Alaikum salamu," da irin bakinsa. Malam Ilu ya isa jaki ya sauke. Kyamara ta tsaya.

Na ajiye ta na juya na durƙusa na amsa. Maigari bai dube ni ba. Ya dubi mutanen da suka biyo shi ya ce, "Kun gani. Baƙo ya amsa, ɗan gida ya yi shiru." Ya ce wa Malam Ilu ya kwashe geronsa. Ni kuma ya ce, "Kai, ɗan soja. Kada in sake ganin injinka a ƙasata." Ya juya.

Na koma bayan kwana biyu da goro, da Malam Sabi'u. Aka ce yana ciki, ba zai fito ba. Na sake komawa da wani kawuna da suka yi karatun allo tare. Ya karɓi kawuna, ni aka bar ni a waje. Na so in ce masa gwangwani shida na ƙone don kada in yanke masa magana, kuma ni kaɗai ne na taɓa ɗaukarsa da gaske. Amma in na faɗi haka sai na faɗi abin da ke cikin babbar kyamara duk damina. Na haɗiye. Na tambayi malamai biyu hukuncin shirun da na yi. Ɗaya ya ce tunda na amsa kafin a rabu ba komai. Ɗaya ya ce na fifita inji a kan sallama, in yi istigfari. Na yi, don ba ya cin komai.

Guntun ya dawo daga wanki lafiya. Akwai wurin da Malam Ilu ya ɗan tsaya da dami a ka. Maigida ya ce a bar shi, kamar mutum ne yake jin nauyin arzikinsa. Mai ɗora murya ma abin da ya faɗa ke nan a wurin. An zaga da fim ɗin ƙasar Daura duka, ban da ƙauyen da aka yi shi. Malam Ilu sai da ya hau jaki zuwa wani gari ya ga kansa. Gwangwanayen dattawa aka kai su sito a Kaduna, ban sake ganinsu ba.

Maigida ya rubuta takarda a kaina. Ban san abin da ya rubuta ba, amma an ba ni gurbin. Mun ƙara shekara ɗaya tare, mun yi na rigakafin shanu da na haƙa rijiya, sannan ya koma ƙasarsu da babbar kyamararsa. Ya ce zai sake gwada ƙofofin. Bayan wasu shekaru ambulan ya zo mini ta ofis, da guntun jarida a ciki. Hotonsa ne, da furanni a zagaye, rubutun duk ƙawanya-ƙawanya. Na kai wa wani Ba'indiye malamin makaranta a Katsina. Ya juya takardar ya ce ba harshensu ba ne, ko harafi ɗaya bai sani ba. Ya ce furanni a wajensu ana sa wa wanda aka karrama, ana kuma sa wa hoton wanda ya mutu, kuma jaridar ta dushe ba ya iya cewa a wuyansa suke ko a jikin hoton. Ban samu wanda ya karanta mini ba.

Na riƙe kyamarar ofis shekara ashirin da 'yan kai, daga mai wanawa har zuwa ta kaset. Ni ma na kafa wa manya kyamara ba komai a ciki, ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda na koya wa aiki na gaya masa da baki tun ranar farko. Maigarin ya rasu ba mu shirya ba. Na je ta'aziyya, ɗansa ya karɓa.

Yanzu ina gida a Daura, a unguwarmu, ba na fita nesa. Idon dama ya tafi, na hagu yana ganin mutum amma ba ya gane shi sai ya yi magana. Hannun ne dai har yau bai fara rawa ba.